Daular Inka a Takardar Ƙosai

Jiya Lahadi kakana, Baba Tisa, ya cika shekara huɗu da rasuwa. An yi addu'a a coci, an dafa shinkafa a gidanmu da ke unguwar Television a Kaduna, kowa ya miƙe ya ce mutum ne mai sauƙin kai. Sauƙin kai! Da alama ba su taɓa cin abinci a gabansa ba.

Malamin tarihi ne. Da ya yi ritaya bai daina koyarwa ba, ajin ne kawai ya dawo kan tabarma. Ba ka isa ka taɓa nama ba sai ka faɗi asalin abin da ke cikin kwanonka. Ni yunwa tana murɗa mini hanji, shi kuma ya ɗaga cinyar kaza sama kamar tuta.

"Uwargida," haka yake kirana don wasan kaka da jika, "masarar tuwon nan daga ina ta fito?"

"Daga kasuwa, maigida."

"To je kasuwar su ba ki nama."

Da yunwa na koyi cewa masara da tumatir da barkono da rogo duk daga nahiyar Amurka suke, jiragen ruwan Turawa ne suka bazu da su duniya. Daga nan sai labari ya ɓalle: mutanen Aztek da birninsu a tsakiyar tafki, da daular Inka mai hanyoyi a kan duwatsu, da yadda 'yan Sifaniya suka iso da dawakai da bindigogi da cututtuka. In ya zo wurin da suka narkar da kayan zinariya, suka ƙona littattafan mutanen Maya, yakan bugi tire har miya ta fantsama. Sai ya nuna ni da cokali.

"Kina tsammanin baƙi 'yan kaɗan ne suka ci daula su kaɗai? 'Yan ƙasa ne suka nuna musu hanya, suka ɗaukar musu kaya a ka."

Duk wannan ya rubuta shi da Hausa a littattafan rubutu na 'yan makaranta, don ya ce bai taɓa ganin an ba da labarin da harshen da mahaifiyarsa za ta ji ba. Ya rasu bai buga ba.

Watan jiya Kawu Bitrus, ƙanen Mama, ya kwashe ɗakin Baba zai sa ɗan haya. Ya miƙo mini wani buhu, ya ce tsofaffin takardu ne, in kai wa Maman Ladi mai ƙosai a bakin titi. Ina saurin zuwa bikin ƙawata a Barnawa, ko leƙawa ban yi ba. Na ɗora a kai na kai mata. Ta ba ni ƙosai tukwici, na cinye har da lasar yatsa.

Bayan mako guda na sayi ƙosai zan tafi makaranta. Ina buɗe ƙunshin sai ga rubutun Baba, mai kwanciya gefe kamar an tura shi, yaji ya rufe rabin daular Inka. Ihun da na yi, na rantse sai da masu keke uku suka taka birki.

"Maman Ladi, kin naɗe kakana da ƙosai!"

"Ke tafi can! Wa ya kawo mini shi a kai yana tsalle?"

Ni ce kuwa. Ta tausaya ta ba ni abin da ya rage, littafi huɗu da rabi. Sauran kuwa, unguwa ta ci ƙosai ta yar da su a kwata, wasu kuma Maman Ladi ta hura wuta da su. Na yi kwana uku ina bin juji kamar akuya, na tsinto shafi shida, ɗaya ma a ƙarƙashin tiren mai gasa masara.

Da na tari Kawu, ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce komai yana cikin waya yanzu. Na duba, yana nan kuwa, da Turanci. Amma babu wayar da ke kiran shugaban mayaƙan Sifaniya ɗan damfara mai gemu, babu wadda ta ce birnin Aztek ya fi Kaduna tsabtar kwata.

Da Baba zai dawo, na san ba Kawu zai fara nema ba. Cokali zai ɗaga, ya tambayi wanda ya ɗauki kayan a ka. Abin da ke ƙona mini rai ke nan: ya gaya mini, ya maimaita, idona yana kan kaza.

Yanzu ina kwafe abin da ya tsira a sabon littafi. Inda na tuna nakan cike da bakinsa. Inda na manta nakan bar fili, kuma filin yana da yawa.

Jiya ni aka sa rabon nama. Kawu ya miƙo faranti yana murmushi.

"Kawu, tumatir ɗin miyar nan daga ina ya fito?"

"Daga kasuwa mana."

Na mayar da murfin tukunya. Mama ta harare ni, amma ba ta ce in buɗe ba.