Ranar da Na Kori Hajiya da Turanci

Shekaranjiya a jirgin ƙasa wata dattijuwa ta zauna kusa da ni tana ƙamshin man zafi, irin wanda ake shafa wa gwiwa. Kafin mu kai tashar Al Qusais na tsinci kaina ina murmushi ni kaɗai, don ƙamshin Hajiya ne sak, mahaifiyar babanmu.

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya aka kawo ta daga Kano zuwa nan ƙasar Larabawa inda muke zaune, don a yi mata aikin gwiwa. A hawa na shida muke, ɗaki biyu da falo, Baba yana aikin kago, yana tura wa 'yan kasuwa kayansu gida. Aiki ya yi kyau, gwiwa ta warke, sai Baba ya kafe a kan Hajiya ta zo ke nan. Ni kuwa na fi kowa goyon bayansa, ba kuma don Allah ba. Tunda ta zo babu wanda ya isa ya taɓa ni. Mama na ɗauko silifas zan faɗa bayan Hajiya, ita kuma ta ce, "A bar min maigidana." Ga dambun nama a jakarta da ban taɓa ganin ƙarshensa ba.

Ana cikin zafin nan da ko baranda ba ta leƙuwa, malamarmu ta Turanci, wata 'yar Indiya, ta shirya muhawara a kan cewa ya kamata kakanni su zauna gida ɗaya da jikokinsu. Aka naɗe takardu, kowa ya ɗauka. Na buɗe tawa na ga *against*, wato ni ne zan ja da maganar. Malama ta yi ta bayani cewa tsohuwar kalma ce, tushensu ɗaya da *again*, da can tana nufin wanda ke tsaye yana fuskantarka, daga nan ta koma wanda ke ja da kai. Ni asalinta bai dame ni ba. Damuwata kada Hajiya ta ji, ta yi fushi ta tafi.

Na koma banɗaki ina gwaji a gaban madubi, ina rage murya. Ashe kunnenta garau yake.

"Wai mene ne wannan agens, agens da kake yi tun la'asar?"

Na so in yi ƙarya, ta gagara. Na faɗa mata ina kallon yatsun ƙafata. Sai ta tuntsure da dariya har da hawaye, ta daki darduma ta ce, "Zo nan da alƙalaminka. Wa ya fi ni sanin aibin tsoho?"

Kwana huɗu muna wannan aiki, tana faɗa da Hausa ina juyawa. Tsoho munshari gare shi. Tsoho zai kashe muku esi ana tsakiyar zafi ya ce sanyi ya shige shi. Zai aike ka neman tabarau alhali yana bisa goshinsa. Ba zai shiga lif ba sai ya tsayar da mutanen bene guda yana addu'a. Duk wadda ta faɗa ita ce ke yi, shi ya sa muke dariya har Mama ta leƙo daga kicin.

A rana ta huɗu ba ta yi dariya ba. Ta ce in rubuta cewa tsohon da aka ɗauko daga gidansa yakan wuni babu mai yi masa sallama. Ana suna, ana biki, ana rasuwa a unguwarsu, sai dai ya ji a waya. Yana ƙoshi, yana da lafiya, amma ba shi da wanda ya san shi tun yana yaro.

"Wannan ita za ka sa a ƙarshe," in ji ta. "Kuma ka ce wa babanka lallai ya je wurin muhawarar."

Baba ya je, kai tsaye daga sito, da rigar aikinsa. Da na kawo maganar munshari ya fi kowa dariya, a kan lif har da tafi. Da na zo ta ƙarshe sai na ga ya sunkuyar da kai. Ɓangarenmu ya yi nasara, na shiga mota ina ta zuba. Sai da muka kusa gida ya ce, "Wa ya ba ka ta ƙarshen nan?" Na juya ina kallon titi ta taga. Ya gyaɗa kai ya ce, "Khalas, shi ke nan."

Bayan kwana goma na dawo daga makaranta na tarar da akwatinta a falo. Na yi kuka sosai, ba na jin kunyar faɗa. Na ce wallahi ba da gaske nake ba, takarda kawai na ɗauka.

Ta share min fuska da bakin mayafinta ta ce, "Wata uku ina faɗa wa babanka da Hausa, yana cewa, 'Shwaiya shwaiya, Hajiya, sannu a hankali za ki saba.' Sai da maigidana ya faɗa da Turanci ya ji. Allah ya yi maka albarka."

Ta yi shekara tara a ɗakinta na Kano bayan nan, da hutu in muka je sai mun jira baƙi sun ragu kafin mu samu wurin zama.

Yanzu garin ya canza, ni ma ina da nawa gidan a unguwar Al Warsan, Baba kuma ya koma Kano, shi ma gwiwarsa ta fara ciwo. Watan jiya na kira shi na ce zan yi masa biza ya dawo wurinmu gaba ɗaya, ga asibiti, ga jikoki. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi dariya.

"Ka gama?" ya ce. "To in faɗa maka da Hausa, ko sai na nemo yaro?"