Fuska da Fuska a Ƙasan Akwati

Babana ya daɗe yana tsaron shagon kaset ɗin bidiyo na kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, a unguwar Balad ta Jidda. Duk kwalin kaset da ya iso akwai fostoci a naɗe a ciki, kuma ba a manna ko ɗaya a bango sai an bi hannuwa da ƙafafun matan da ke jiki da baƙar tawada. Da idon Baba ya fara rauni, tawadar na fita daga layi, sai ya riƙa kawo mini aikin gida, unguwar Karantina. Shekarata goma sha huɗu, kuma a ajinmu ni ake sa rubutun allo saboda kyan hannu.

Ladana shi ne in ɗauki guda cikin waɗanda suka zo biyu-biyu, kafin tawada ta taɓa shi. Ban taɓa zaɓar na yaƙi ko na soyayya ba. Nawa su ne na barkwancin 'yan wasan jami'a, tsofaffin finafinan Amurka da ba a cika haya ba: ƙato da hular kwano ya rungume ƙwallo mai siffar gwanda ya nufi ragar gidansu, koci mai tumbi ya cije usur, 'yan mata sun yi tsalle da tuntaye a hannu. Ba mu da bidiyo a gida, don haka yawancinsu ban kalla ba. Abin da ke bayan mutanen nake kallo: ginin jan bulo, agogo a kan hasumiya, ciyawa shar har inda takarda ta ƙare. Nakan ji kamar in na kara kunne zan ji ƙararrawar shiga aji.

Sun kai ashirin da uku ranar da na yi gangancin jera su a bangon ɗakin da nake kwana da Umma. Ta dawo daga sayar da dafaffiyar gyaɗa, ta tsaya a bakin ƙofa da tire a ka.

"Wa ya gayyato mana waɗannan? Ke, mala'ikun rahama ta ina za su shigo?"

"Umma, 'yan makaranta ne."

"Makarantar da ba a ɗinka wa ɗalibai zane? Halas, magana ta ƙare, a kai su bola."

Baba ne ya shiga tsakani, yana shan shayi bai ko ɗago ba. "Hajiya, ai fuska ce matsalar. A kifa su, wannan ya kalli wannan, su ƙarata can su kaɗai." Ya juyo gare ni. "Ya binti, ranar da kika samu ɗakinki a jami'a, ki manna su har rufi."

Haka na yi. Na haɗa su biyu-biyu, fuska da fuska, na shimfiɗa a ƙasan akwatin ƙarfen da kakata ta zo hajji da shi. Na ashirin da ukun bai da abokin kallo, sai na ninke shi ya kalli kansa. Umma ta ɗora zannuwanta a kai, ta tura akwatin ƙarƙashin tagar da na'urar sanyaya ɗaki ke ɗiga. Na yi mata alkawarin ba zan buɗe ba sai ranar da Baba ya faɗa, ban kuma taɓa leƙawa ba.

Na gama sakandare da sakamakon da malamarmu ta rungume ni a kansa. A ofishin ɗaukar ɗalibai, matar da ke bayan gilashi ta duba iƙamata, katin zaman baƙi, ta turo mini takarduna cikin ladabi. A nan aka haife ni, a nan aka haifi Umma, amma gurbin na 'yan ƙasa ne, ba namu ba. Aka ce in gwada Najeriya, ƙasar da ban taɓa takawa ba, ba mu kuma da wanda zan sauka wurinsa. Sai faifan bidiyo ya kori kaset, kafili ya rufe shago, Baba ya samu gadin sito a unguwar Khumra. Ni kuma ina koya wa 'ya'yan maƙwabta karatu a tsakar gida.

Ranar da za mu tashi zuwa Khumra, da hantsi, Umma ta ce tana son akwatin ta zuba tukwane. Na kwashe zannuwan. Fostocin sun zama abu guda, kamar kwali mai kauri, suna warin ruma. Laimar Jidda ta shekara bakwai ta narkar da shuninsu, kowane ya manne da ɗan'uwansa. Na kara su a tururin buta, na zura wuƙar yanka albasa a hankali. Na farkon ya buɗe, amma rabin kowace fuska ta tafi da ɗayar takardar, sauran wurin fari fat. Na biyu ma haka. Ban gwada na uku ba.

Umma ta durƙusa kusa da ni, ta daɗe tana kallo. "Da na sani da na bar miki su a bango," ta ce. "Mala'iku ai sun san halin da muke ciki."

Direban motar kaya ya danna oda, yana kiran yalla, yalla, mu yi sauri. Na jingina fostocin a bangon waje, kusa da tsohuwar tabarmar da muka bari, na taya Umma ɗaukar akwatin.