Shekarar da na noma wa surukina tamba

Ni fa ko tsakuwa na shuka sai ta tsiro. Haka na faɗa wa surukina a tsakar gidansa a Bukan Sidi, ranar da likita ya hana shi shinkafa saboda ciwon suga, ya ce ya koma tuwon tamba. Na buga ƙirji na ce, "Baba, kada a sayo ko mudu ɗaya. Tambar shekara tana wuyana." Alhali rabona da fartanya tun ina firamare.

Na samu aron fili a Adogi. Maƙwabciyar gonata wata dattijuwa ce 'yar ƙabilar Eggon, Mama nake kiranta. Ita sai ta reni iri a gefe, sannan ta yi dashe layi-layi, tana auna tazara da wani ɗan guntun kara. Taki kuwa da murfin kwalba take zubawa, sau biyu a damina, kamar mai ba jariri magani.

Na yi dariya har da riƙe ciki. "Mama, wannan ai rowa ce. Gonarki kamar kan mai sanƙo!"

Ni kuwa na watsa iri son raina, har ƙasa ta daina ganin rana. Na farke buhun taki na juye shi kaf rana ɗaya.

Mama ta leƙo ta ce, "Malam, ka rage shukar nan. Yara goma a kwano ɗaya, wane ne zai ƙoshi?"

Na ce, "Nawa kwanon babba ne."

Wata biyu gonata ta yi kore shar, ta yi duhun da akuya za ta shiga a yi kwana uku ana cigiyarta. Masu babur suna tsayawa kallo. Na ɗauki hoto na kai wa Baba, ya sa albarka, ya ce wa surukata kada ta sake ta sayi tamba da kaka.

Sai aka yi wani ruwa da iska. Na je da safe na tarar tambata ta kwanta gaba ɗaya, dogayen kara sirara sun yi sujada. Ta Mama tana tsaye ƙyam, kowane kai ya buɗe yatsu kamar hannun ɗan dambe. Nawa kan kuwa, sai ka sa tabarau.

Da aka yi sussuka aka sheƙe, abin da na samu a leda na ɗauko shi, ban ma nemi buhu ba. Karan kuwa sai da Fulani suka yi sati suna kiwo, har da yi mini godiya.

Na durƙusa gaban Baba na ajiye ledar, ina ta kame-kamen iska da ruwa. Ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya jinjina, ya dube ni ta saman tabarau.

"Allah ya yi albarka, ɗana. Da ciyawa likitan ya ce in ci, da ka gama mini komai."