Yadin da Inna ta zaɓa wa 'yan Islamiyya

Innata ba ta taɓa shiga aji ba, amma a garinmu Geza babu mai yanka yadin kirki sai an kawo mata ta taɓa. Tun tana da ƙarfinta take tsallakawa Segbana, can cikin Binin, ta ɗauko atamfa ta sayar a kasuwar Tsamiya. Bayan ta daina fatauci sai hannun ya zauna mata. Ta murza bakin yadi tsakanin yatsu biyu, ta ce wannan zai kai shekara uku, wancan kuwa wanki ɗaya ya ishe shi. Har tsiya take yi wa 'yan kasuwa, wai idonsu ne ke saye, shi ya sa ake cutarsu.

Ciwon suga ne ya fara cinye mata yatsu. Ni na fara lura, don ni ke zaune da ita tun da mijina ya rasu na dawo gida da ɗiyata. Allura kan faɗi daga hannunta ba ta sani ba. Wata rana na ga ta sauke tukunya daga wuta ba tsumma, ko a jikinta. Ban faɗa wa kowa ba, ita ma ba ta faɗa ba.

A shekarar ne makarantar Islamiyyar unguwarmu ta ce yara mata za su koma saka kaya iri ɗaya, riga da wando da hijabi. Shugaban makarantar ya zo da dattawa biyu da wani mai yadi daga Bagudo, aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Samfuri biyu suka kawo, duka ruwan toka. Na kawo ruwa na tsaya daga bakin ƙofa.

Daga inda nake na ga wanda ke hannun dama yana wani ƙyalli da bai kwanta mini ba. Roba ce zalla, an yi mata gyara ta yi kama da auduga. Inna ta murza na hagu, ta murza na dama, ta daɗe fiye da yadda ta saba. Sannan ta ɗaga na dama.

"Wanga ku ɗauka," in ji ta. "Shi ad da jiki."

Dattawan suka yi ta sa mata albarka. Kalma ɗaya ta isa in gyara, amma yaya zan ƙaryata uwata a gaban maza huɗu, a kan abu ɗaya da ya rage mata? Na kwashe kofuna na koma ciki. Har yau in na tuna tsayuwar nan tawa haushin kaina nake ji.

Aka ɗinka, bazara ta shigo. Yara suka riƙa dawowa sharkaf da gumi, wuya da baya duk ƙuraje. Iyaye mata suna gunaguni a bakin rijiya, in sun hango ni su sauya zance. Babu wanda ya kai wa Inna magana. Kullum da yamma tana zaune a ƙofar gida yaran na wucewa suna gaishe ta, tana cewa dubi yadda kayan suka zauna musu. Ni kuma in ce ƙwarai kuwa, Inna.

Ran da abin ya fito, ɗiyata ta dawo daga makaranta da yunwa, ba ta cire hijabi ba ta durƙusa a murhu tana iza wuta. Tartsatsi ya faɗa mata a damtse. Yadin bai kama da wuta ba, narkewa ya yi ya manne da fata. Ta ƙwalla ƙara, na sheƙa mata ruwa, na yanke wurin da almakashi. Ƙunar ba babba ba ce, amma duk tsakar gida ta ɗauki warin leda da aka jefa a wuta.

Inna na zaune a kan tabarma. Ta ja hanci sau biyu, ta ce in miƙo mata hijabin. Ta kai bakin ƙunar hancinta, ta daɗe a haka.

"Wanga ba auduga ba ta," ta ce. "Shi na wanda niz zaɓa?"

"Shi na, Inna."

"Kina nan ran da anka kawo shi?"

"Ina nan."

"Kin gane?"

Na gyaɗa mata kai. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ninke hijabin ta ajiye gefe.

"Hannu dai ciwo yat tahi da shi," ta ce. "Ke mi yat tahi da bakinki?"

Washegari ta aika aka kira shugaban makarantar, ta ba shi haƙuri da bakinta, ta ce a sauya yadin, kuma kada a sake kawo mata komai.

Damina biyu ta ƙara a duniya. Ni ke mata wanka, ni ke ba ta magani, ba ta taɓa ɗaure mini fuska ba. Amma ba ta sake tambayata gaskiyar wani abu ba. Ko ɗankwalinta take son sanin ya zauna daidai, sai ta jira matar yayana ta shigo, ko da ina zaune kusa da ita.