Mai Huda Jarkoki

Shekara goma sha tara Mai Feshi yana goya tankin feshi na ƙaramar hukuma, yana kashe ciyawa a filin wasan yara da bakin kasuwa da tasha. Mutum ne da ko kaza ba ya yi wa tsawa. Idan magani ya ƙare, shugaban leburori, wanda suke kira Ba-komai don ita ce amsarsa ga kowace tambaya, yakan sa su kankare takardar jikin jarkokin maganin, sannan ya raba musu kyauta. Mai Feshi ya kai huɗu gida. Matarsa ta wanke su da sabulu, suka zama na ruwan sha.

Da ƙullutu ya fito mata a wuya, likita ya ce ciwon daji ne. Ya tambayi aikin mijin, ya sa aka kawo jarka ɗaya, ya sansana.

"Ba zan rantse ba, Baba, amma kada kowa ya ƙara sha a ciki."

Washegari Mai Feshi ya ciko jarkar, ya dire ta gaban Ba-komai, leburori na kallo.

"Ranka ya daɗe, ga ruwan gidana. Sha."

"Kai tsoho, rana ce ta taɓa ka? Ɗauki tankinka!"

"Ai ka ce ba komai. Sha."

Ba-komai ya bushe da dariya. Bai rufe baki ba ƙarfen feshi ya sauka a kansa, haƙora biyu suka faɗo kan siminti. Mai Feshi ya danne masa ƙirji da gwiwa, ya cusa masa bakin jarkar, ruwa da jini na tsartuwa ta hanci. Sai da mutum biyar suka ɓamɓare shi, suka yi ta taka shi har haƙarƙarinsa ya karye.

Wata shida ya yi a gidan yari. A na huɗu Allah ya karɓi matar, Allah ya jiƙanta.

Tun da ya fito, ba ya rabo da wuƙa. Gidajen tsofaffin abokan aikinsa yake bi, waɗanda suka taka shi ɗin nan. Ya yi sallama, ya nemi a fito masa da jarkoki. Jiya matar ɗayansu ta riƙe tata gam, tana ihu.

"Mahaukaci! Da me zan ɗebo wa yarana ruwa?"

"Allah ya ba ki haƙuri, ƙanwata," ya ce.

Ya fizge, ya luma wa jarkar wuƙa sau uku, ya tsaya har ruwan ya gama tsiyayewa.