Yaya Vernetta, Wa Zai Ja Motar?

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, 2024, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayata Vernetta Purnell, tana da shekara arba'in da ɗaya. A wurin aiki ta faɗi, a kamfanin kaji, da takalmin roba a ƙafarta da wuƙa a hannunta. Kafin motar asibiti ta isa da ita asibitin garin Salisbury rai ya yi halinsa. Mun binne ta a bayan cocinmu, kusa da Mama. Ni ne ƙaninta Lamont. Fasto ya ce in rubuta abin da za a buga a takardar coci ta wannan Lahadi, in yi kamar da ita nake magana. To, Yaya, ga ni.

Ina ɗan shekara shida Mama ta rasu. Baba direban tirela ne, sai ya yi makonni ba mu sa shi a ido ba. Ke kuwa kin samu gurbi a makarantar jinya a Baltimore, har kin sayi akwati. Kika tura akwatin ƙarƙashin gado, kika nemi aiki a kamfanin kaji, kika riƙe ni. Ban taɓa jin kin ambaci makarantar nan ba, ko da ran da na ɓata miki rai.

Ran da farfaɗiya ta fara kayar da ni a aji, yara suka yi ta kwaikwayona. Washegari kika zo makaranta daga wurin aiki kai tsaye, da hular raga a kanki, kina ƙarnin kaji. Ba ki zagi kowa ba. Kika kwanta a ƙasa a gaban aji, kika kira yaron da ya fi kowa yi mini dariya, kika ce, "Zo nan, jarumi, juya ni gefe. A hankali, ba buhun masara ba ce ni." Daga ranar shi ne yake fara rugowa in na faɗi. Haka kike. Kowa a unguwar nan yana da irin wannan labari a kanki. Akwai tsofaffin da ke kika yi ta kai su asibiti, akwai mata sababbin zuwa da kika koya wa riƙon wuƙa don kada su yanke yatsa, ko yarensu ba ki ji.

Amma abin da ya cika miki zuciya a shekaru biyun nan na ƙarshe shi ne tafiyar Baba, kuma a kanta nake so in yi magana, don ita ce ta hana ni barci.

Ranar bikin godiya na shekara-shekara ce, muna cin abinci, kika tambayi Baba yadda babban kwazazzabon Arizona yake, tunda ya ratsa ƙasar nan daga teku zuwa teku sau ba adadi. Ya ajiye cokali ya ce, "Allonsa na bakin hanya dai ruwan ƙasa ne, da farin rubutu."

Kika ce, "Baba, kwazazzabon nake tambaya."

Ya ce, "Netta, kaya suna da lokacin sauka. Wa zai bar ni in karkata da tirela in je kallon rami?"

Muka yi dariya, ke ba ki yi ba. Kika yi ta jero masa wurare, shi kuma yana ba ki launin allo. Shekara talatin yana wuce su da gudu. Tekun yamma ma ta ramin shingen waya ya taɓa hango shi, a filin sauke kaya. Bayan nan ba da jimawa ba likita ya ce ciwon sukari ya ci idon Baba, abin da ya saura zai tafi a hankali, kuma ba ya dawowa. A hanyarmu ta komowa daga asibiti kika ce, "Duk allon da ka wuce, Baba, sai mun bi shi mun ga abin da ke bayansa."

Kika sayi tsohuwar ƙaramar bas a hannun wani mai gyaran famfo, har yanzu ana iya karanta sunansa a jikinta in rana ta haska. Kika cire kujerar baya kika sa katifa. Kika shimfiɗa taswira a teburin kicin, duk inda za mu tsaya kika ɗora ƙwayar wake, muka koma cin abinci a kan cinya. Za mu fara daga bakin teku a Ocean City, ƙarƙashin allon nan da ke nuna nisan Sacramento, mu hau duwatsu, mu haye Mississippi a St. Louis, mu karkata kudu mu ga kwazazzabon, mu tsaya ƙarƙashin manyan itatuwan California, mu ƙare da ƙafafun Baba a cikin ruwan yamma. Da kika sa wake a kan Kansas Baba ya ce, "Kwashe wannan, ba komai a can." Kika ce, "To ba komai ɗin za mu tsaya mu kalla, ai ba ka taɓa kallonsa a tsaye ba."

Abu ɗaya ya rage, ranakun hutu. A kamfaninku, ranar jinya da ranar hutu tukunya ɗaya suke. In mutum ya je asibiti, daga hutunsa aka cire. Kika ɗaure wa kanki cewa ba za ki taɓa ko rana ɗaya ba sai sun taru sun ishi tafiya da dawowa. Mura ta kama ki, kika tafi aiki. Haƙori ya hana ki barci, kika cusa auduga kika tafi. Shekara biyu kenan ba ki yi fashi ba.

Farkon watan Mayu na ga kin tsaga takalmin robanki na hagu ta baya da wuƙa. Na ga kina hawa matakalar gida da ƙafar dama kullum, ta hagu tana biyo baya. Na ce, "Yaya, ƙafar nan ta kumbura, kuma ɗaya ce kawai. Ki je a duba."

Kika ce, "Auta, ka zama likita ne ban sani ba? Tsayuwa ce. In na je yau, sai su ce in dawo hoto gobe, in dawo sakamako jibi. Wanne zan cire wa Baba, itatuwan ko kwazazzabon?"

Na ce a cire Kansas. Kika yi dariya har kika dafa bango. Kika ce in mun dawo za ki kwanta a asibiti wata guda, a riƙa kawo miki abinci kamar sarauniya. Likitan da ya duba ki bayan komai ya wuce ya ce jini ne ya daskare a jijiyar ƙafar, ya ɓalle ya tafi huhu. Ya ce da kin zo, ƙwayar magani kawai za su ba ki. Ranakun da kika tara suna nan cif, Yaya, ko ɗaya ba ta yi ciwon kai ba. Ke ce babu.

Kin san ni ne ya kamata in zama direba na biyu. Doka ta ce mai farfaɗiya sai ya yi watanni bai faɗi ba kafin a ba shi lasin. Na yi watannin, na sha magani kan lokaci, kin koya mini tuƙi a filin coci ranakun Lahadi da yamma, kina cewa in daina riƙe sitiyari kamar zai gudu. Saura kaɗan in je gwaji. Sai ga shi a bakin kabarinki, ana zuba ƙasa, na faɗi a gaban kowa. Da na farfaɗo, da ƙasa a bakina, abin da ya fara zo mini shi ne lissafin ya koma farko. Idon Baba ba zai jira ni ba. Ko da zai jira, kafin nan ƙanƙara ta rufe duwatsu.

Jama'a sun yi mana kirki, ba zan ɓoye ba. Firji ya cika da taliya da cuku da soyayyar kaza da gurasar masara, har muna rabawa. Kowa ya riƙe hannuna ya ce in kira shi in ina bukatar wani abu. Na kira, Yaya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na ce direba nake bukata. Sai kowa ya kawo uzuri. Wannan hutun mako biyu gare shi a shekara, ya riga ya yi wa 'ya'yansa alkawari. Wancan in ya tafi ba zai tarar da aikinsa ba. Ban ga laifin kowa ba, tukunyarsu irin taki ce. Inna Earlene, ƙanwar Mama, ta ce, "Ku sayar da motar mai famfon nan ku hau bas ta haya, in dai teku ne dole." Baba ya ce, "Earlene, bas ai tirela ce mai kujeru. Ita ma allo za ta nuna mini."

Baba bai yi kuka a gaban mutane ba. Amma kullum da safe sai ya sa hularsa ya je ya zauna a motar, a kujerar mai zaman banza, shi da bai taɓa yarda wani ya tuƙa shi ba sai ke. Ina kallon yadda idon ke tafiya. Yana miƙa hannu ya ɗauki kofi, hannun ya sauka gefe. Ya daina juyowa da ido, sai da kai gaba ɗaya. Ranar Litinin ya gaishe da rigata da ke rataye a ƙofa.

Ranar Talata da safe ina wanke fuska na ji an tayar da mota. Kafin in fito ya yi baya ya kwantar da akwatin wasiƙun maƙwabta. Na tarar da shi a kujerar direba, hannuwansa biyu a kan sitiyari. Ya ce, "Lamont, shigo. Hanyar nan a jikina take. Kai ka zama idona, ka riƙa gaya mini hagu da dama, ni in riƙe sitiyari."

Na ce, "Baba, in na faɗi fa muna kan gada?"

Ya juyo da kai gaba ɗaya wajena. Can ya ce, "To me ta mutu a kai?"

Yaya, na daɗe a tsaye da hannuna a murfin ƙofar nan. Allah ya sani na kusa buɗewa in shiga. Makaho da mai farfaɗiya a kan babbar hanya, da 'ya'yan mutane a gaba da baya. Na zare makullin na sa a aljihu, na kama hannunsa muka koma ciki. Ranar bai ci abinci ba, bai kuma yi mini magana ba.

Ranar Alhamis wani dattijo ya tsaya a ƙofar gida da sanda. Cleophus Dashiell sunansa, tare suka yi tuƙi da Baba shekaru da yawa, labarin akwatin wasiƙun ne ya kai masa har garinsu Cambridge da ke nan kusa. Tun daga waje ya ɗaga murya, "Elwood! An ce ka fara kashe akwatuna. Da idonka biyu ma ai ba ka iya baya ba."

Baba ya ce, "Wa nake ji kamar tsohon banzan nan da ya kai kankana Ohio ta zama miya?"

Suka rungume juna, a nan ne Baba ya yi kukan da bai yi ba. Baba Dashiell ya ce lasinsa na nan da rai, amma bayansa ba zai kai shi California ba. 'Yarsa tana St. Louis. Zai ja mu har can, mu tsaya duk inda kika ce a tsaya, ya haye da mu kogin, daga nan sai ya sauka. Na tambaye shi daga can fa. Ya ce, "Yaro, daga can ban sani ba. Zan yi cigiya a duk tashar manyan motoci da muka tsaya. Tsofaffin direbobi ba su ƙare ba."

Ban san ko hankali ne wannan ba. Direban da muka samu ko sulusin hanya ba zai kai mu ba. Mai yiwuwa mu zauna a bakin Mississippi har abin da ya rage a idon Baba ya ƙare a can. Amma in muka zauna a gida, a kan rigata da ke rataye a ƙofa zai ƙare. Gobe Litinin za mu tashi.

Don haka ina roƙon duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa. In kana da ɗan'uwa ko suruki ko tsohon abokin aiki a yamma da St. Louis, mai lasin, wanda zai iya ba mu ko yini ɗaya, ya kai mu gari na gaba ya miƙa mu ga wani, ka gaya wa Fasto, ya san yadda zai same ni. Ba mu da nauyi. Baba ba ya son rediyo, ni kuma in na faɗi juya ni gefe kawai za a yi.

Yaya Vernetta, Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya ba ki hutun da kika hana kanki. Ya sa duk tsohon da kika kai asibiti da duk yatsan da kika tsare su zame miki shaida. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Earlene, da matan layinku na wurin aiki da suka riƙe kanki a ƙasa har motar asibiti ta zo, da jama'ar cocinmu baki ɗaya. Wanda ke ɗingishi a cikinku yana ɓoyewa, don Allah ya je a duba shi.

Baba, kai kuma ban san da wane baki zan yi maka ta'aziyya ba. Allah ya ba ka haƙuri. Ya Ubangiji, ka karɓi Vernetta, ba mu ja da kai ba. Abin da ya saura a idon tsohon nan, ka bar masa shi har mu isa ruwa.