Injin Iskan Baba Mika

Duk wanda tayarsa ta taɓa sacewa a hanyar Zuru zuwa Manga ya san Baba Mika mai faci. Gajere ne kakkaura. Kunnensa na hagu ya daɗe da yin ritaya, na daman ma sai ka ɗaga murya. Shekara talatin ya yi a bakin tasha kusa da injin iskan maigidansa, ƙarar injin tana cin jinsa kaɗan-kaɗan. Amma fa ido, sai dai a sara masa! Kafin kumfa ta gama tasowa daga cikin ruwa, ya riga ya ɗora yatsa a kan hujin tiyub.

Mutum ne da ba ya gaggawa. Matarsa, Mama Rebecca, takan ce tun yana saurayi haka yake. Shekara bakwai ya yi yana golmo, wato noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya kafin a ba shi ita, kuma bai taɓa tambayar saura damina nawa ba. "Ni ce na ƙosa," in ji ta. Shi kuwa sai ya ce bai ji ba. Abin da ba ya son ji, kunnensa ba ya ɗauka.

Lokacin da ƙarfinsa ya fara ja baya, ya kafa 'yar rumfa a ƙofar gida, yana facin keke da babur da famfon hannu. Ana nan, sai ɗansu na fari, Kofur Japhet, ya dawo daga bakin daga yana ɗingishi.

Ƙafar ba ita ce damuwa ba, a garin sojoji irin Zuru an saba ganin haka. Damuwar ita ce ɗaki. Wata huɗu Japhet bai tsallake bakin ƙofa ba. In mangwaro ya faɗo a kan kwanon rufi, sai a same shi kwance a ƙasa. Coci ma ya daina zuwa saboda ganguna. Tsoro ya kama Mika, tsoro na gaske, kada ɗakin nan ya haɗiye masa ɗa da ransa.

Bai iya lallashi da baki ba, aiki kawai ya sani. Ya ce wa matarsa, "Maman Japhet, injin iska zan saya. In hannu ya sami abin yi, zuciya takan biyo shi. Ba yadda za a yi a tayar da inji a ƙofar gida, ɗan mai faci yana ciki, ya ƙi leƙowa."

Ya tafi shagon Arzika, mai sayar da injinan niƙa da na ban ruwa. Arzika ya jawo wani ja mai ƙyalli. "Baba Mika, wanga sabo na dal, shekaranjiya anka sauke shi."

Mika ya zagaya shi sau ɗaya ya girgiza kai. Na lantarki ne, ga shi wutar unguwarsu sai ta ga dama take zuwa. Ba shi da bel, irin mai gudun nan da ke zafi kafin azahar, ga ihu. Ya wuce can ƙurya, inda wasu tsofaffi biyu 'yan Kwatano ke ajiye, masu fetur da bel.

Sai ya durƙusa ya kwance ɗan murfin da ke ƙarƙashin tankin na farko. Ruwa ya zubo jajir da tsatsa. "Ka gani? Tanki daga ciki yake ruɓewa, fenti ba ya gaya maka. Wannan wata rana sai ya fashe da mutum." Na biyun ruwansa garau. Ya ƙwanƙwasa shi da sifana, ɗaya hannun a kan ƙarfen, don da tafinsa yake sauraro. Ya kaɗa ruwan sabulu ya shafe duk mahaɗa, ko kumfa ɗaya. Ya cika tankin, ya kashe inji, ya yi alama da alli a inda allurar agogon awon iska ta tsaya, ya tafi cin tuwo. Da ya dawo, allura tana nan daram.

"Kai, Baba!" in ji Arzika. "Ko mai neman aure bai kai ka bincike ba."

"Kai da kunnenka ke aiki, gaya mini gaskiya. Wanne ya fi sanyin murya?"

"Wallahi tsohon nan. Duf, duf, duf yake yi, cikin natsuwa."

Ran Asabar da hantsi aka sauke injin a rumfa. Mika ya ja igiya, inji ya tashi. Bai waiwaya ba, amma ta gefen ido yana kallon labulen ɗakin. Labule ya motsa. Can sai ga Japhet, yana ƙifta ido saboda rana, yana takowa a hankali. Mama Rebecca ta tsaya cak da ludayi a hannu, leɓɓanta suna addu'a.

Japhet ya sunkuya ya ce, "Baba, bel ɗin nan ya ɗan yi sako-sako."

Daɗi ya cika Mika. Ana cikin haka tanki ya cika, bawul ɗin da ke sakin iska in ta yi yawa ya buɗe da kansa. Fasss! Kamar an yi harbi.

Mika bai razana ba. Ganin ɗansa kawai ya yi a ƙarƙashin benci, hannu biyu a ka. Kaico! Komai ya bincika sai wannan. A shagon Arzika ma bawul ɗin ya buga, amma ƙarar da mutum ya yi shekara talatin yana ji ai ta daina zama ƙara a wurinsa. Ya kashe injin, ya zauna a ƙasa kusa da ɗansa, kunya da tausayi suna cin sa.

"Laifina ne, Japhet. Na so in fito da kai, ga shi na ƙara maka. Yau ɗin nan zan mayar da shi."

Japhet ya sauke hannuwansa daga ka. Da numfashinsa ya lafa, sai ya ce, "Haka yake yi ba sanarwa?"

"Da sanarwa. In allura ta kai jan layin nan, zai buga." Ya nuna masa wani ɗan zobe a kan bawul ɗin. "In kuma ka ja wannan, kai ne ka saki iskar, ba ita ta saki kanta ba."

Japhet ya ƙura wa agogon ido. "A can bakin daga babu wanda ke nuna mana allura, Baba." Ya dafa benci ya miƙe. "Tayar da shi."

"Bari dai sai gobe."

"Tayar da shi, Baba."

Mika ya ja igiya. Japhet ya zura yatsa a cikin zoben, gumi yana bin wuyansa, allura tana hawa a hankali. Saura kaɗan ta taɓa ja, ya juyo ya ɗaga murya yadda uban zai ji.

"Baba, toshe kunnenka!"

Tsohon ya ɗaga hannu biyu ya toshe, har da na hagun da ba ya jin komai, hawaye suna gangaro masa. Japhet ya ja zoben. Iska ta fita da ƙara, kajin gida suka watse, shi kuwa yana nan tsaye a kan ƙafafunsa.

Ya share gumi da bayan hannu ya ce, "Bar shi ya sake cika."